Yadda Ma'aurata Za Su Tsara Ranar Saukarsu a Tsibirin Zanzibar

Mafi yawan ma'auratan da ke shirin zuwa hutu Zanzibar suna kashe lokacinsu wajen zaɓen otal da kallon hotunan farin rairayi, amma kaɗan ne suke zama su tsara ranar sauka ita kanta, wato daga lokacin da jirgi ya taɓa ƙasa zuwa lokacin da za su kwanta barcin farko a tsibirin. A ganina wannan rana ita ce mafi wuya a tafiyar gaba ɗaya, domin a cikinta ne gajiya da zafi da baƙunta suke haɗuwa, kuma a cikinta ne ƙaramin kuskure yake iya jawo ɓacin rai tsakanin miji da mata. Na zaɓi Zanzibar ne saboda tsibiri ne da kusan dukkan mutanensa Musulmi ne, ana jin kiran salla a ko'ina, kuma Bahaushe ba ya shan wahalar neman abincin halal, sai dai duk da wannan kusanci yana da tsarinsa da ya kamata baƙo ya sani tun kafin ya iso.

Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba, kuma tun ranar 26 ga Afrilun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Masu zuwa hutu kusan duk Unguja suke nufa, inda filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yake, kimanin kilomita biyar kudu da tsohon birnin da ake kira Stone Town. Mai tasowa daga Kano ko Abuja ko Yamai zai canza jirgi a hanya, galibi a Adis Ababa, mai tasowa daga Legas kuma yana iya bi ta Nairobi. Ko ta ina aka bi, za a iso ne bayan an kwana a zaune, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi ja.

Takardun da za a riƙe a hannu

Sauka lafiya tana farawa ne tun daga gida, kuma babban abin da ke tuntuɓe da mutanenmu shi ne biza. Baƙi daga ƙasashe da yawa suna karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, amma masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin jerin waɗanda sai an tantance su tukuna kafin su taso, saboda haka dole ne su nema ta intanet, kuma hukumar shige da ficen ƙasar tana ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne ga kowane mutum. Kada ango ya biya kuɗin otal wanda ba a mayarwa alhali bizar amarya ba ta fito ba, domin kowa da takardarsa, kuma ta ɗaya tana iya riga ta ɗayan fitowa da kwanaki.

Bayan biza akwai inshorar dole wadda gwamnatin Zanzibar ta kafa tun ranar 1 ga Oktoban 2024, ta dala 44 ga kowane baƙo, wato dala 88 ga ma'aurata, kuma tana aiki har tsawon kwana 92. Daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar kaɗai ake sayenta, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar tafiya daga gida. Gara a saya ta intanet a bugo takardar, maimakon a tsaya ana fama da waya a layi. Sai katin allurar rigakafin cutar shawara, wanda ake nema daga duk mai zuwa daga ƙasashenmu. Allurar tana fara aiki ne kwana goma bayan an yi ta, kuma tun daga 2016 an amince cewa sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A tabbata kuma fasfo yana da sauran wata shida, a riƙe tikitin komawa da takardar kama ɗaki. Da yake matanmu da yawa suna riƙe sunan mahaifinsu a fasfo, yana da kyau a ɗauki kwafin takardar shaidar aure, ko da ba za a tambaya ba.

Shawarata ita ce a haɗa dukkan waɗannan takardu a jaka ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe ta, ɗayan kuma ya kula da kaya. A yanke wannan tun a cikin jirgi, don kada a iso gaban jami'in shige da fice maigida yana cewa yana zaton katin allura yana wurin uwargida, ita kuma tana rantsuwa cewa a aljihunsa ta gani. Kowa ya ɗauki hoton takardun a wayarsa. Waɗanda suka sauka a Darussalam suka shiga jirgin ruwa mai sauri, wanda yake ɗaukar kimanin awa biyu, su ma za a duba fasfonsu a tashar ruwa ta Zanzibar, duk da cewa ƙasa ɗaya ce.

Abu ɗaya kuma game da kaya: Tanzaniya ta haramta jakunkunan leda tun ranar 1 ga Yunin 2019, Zanzibar ma ta riga ta yin hakan da shekaru. Wanda ya saba naɗe takalmi da kilishi da yaji a baƙar leda sai ya nemi jakar yadi ko gwangwani.

Daga ƙofar filin jirgi zuwa masauki

Da zarar an fito daga sanyin ginin, abin da zai fara tarbar mutum shi ne iska mai nauyi da laima. Zafin Zanzibar bai kai na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, amma irinsa daban ne, domin gumi ba ya bushewa a jiki, kuma shadda mai sitaci ko leshi mai nauyi sukan zama azaba cikin minti goma. A sauka da tufafin auduga marasa nauyi, a ajiye kayan ado sai dare.

Kafin a bar filin jirgi a yi abubuwa biyu. Na farko shi ne canjin kuɗi. Kuɗin ƙasar shi ne shilin na Tanzaniya, kuma takardar da ta fi girma ita ce ta 10,000, saboda haka ɗan canji kaɗan yana cika aljihu. A zo da takardun dala sababbi masu tsafta, domin masu canji sukan ƙi tsofaffin bugu da waɗanda suka yage. A canza abin da zai isa kwana biyu ko uku kawai, sauran a bari sai an shiga gari. Na'urorin cire kuɗi sun fi yawa a Stone Town, a ƙauyukan bakin teku kuwa kaɗan ne, kuma wani lokaci a tarar babu kuɗi a ciki, don haka kada a dogara da kati kaɗai. A raba kuɗin gida biyu, kowa ya riƙe nasa. Na biyu shi ne layin waya, wanda ake yi wa rajista da fasfo; layi ɗaya ya isa ma'aurata idan ɗaya zai raba wa ɗayan intanet, kuma kiran farko ya zama na iyaye, waɗanda tun jiya suke zaman jiran labari. A tuna cewa agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Batun mota kuwa, mafi sauƙi shi ne a nemi otal ya turo direba wanda zai tsaya a ƙofa riƙe da allo mai sunan baƙo. Yakan fi tsada kaɗan, amma ranar farko ba ranar ciniki ba ce. Idan tasi za a ɗauka, a daidaita kuɗi kafin a saka kaya a but, a kuma fayyace cewa kuɗin motar ne gaba ɗaya ba na kowane mutum ba. Motocin haya na gama-gari da ake kira daladala suna da arha ƙwarai, kuma shigarsu wata rana abin sha'awa ce, amma ba da akwatuna ba. Ban ba da shawarar ɗaukar hayar mota a tuƙa da kai a ranar farko ba, domin ta hannun hagu ake tuƙi, baƙo yana buƙatar izinin tuƙi na musamman na Zanzibar, kuma akwai shingayen 'yan sanda a hanya.

Nisan tafiyar ya danganta da inda aka kama ɗaki. Stone Town minti goma sha biyar ne zuwa ashirin. Paje da Jambiani, a gabar gabas, kimanin awa ɗaya ne, kuma hanyar tana bi ta dajin Jozani, inda jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar sukan leƙo daga bishiyoyi. Nungwi da Kendwa, a can ƙarshen arewa, kusan kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi. Idan jirgi zai sauka da dare, ni dai na fi son a kwana ɗaya ko biyu a Stone Town tukuna, sannan a wuce bakin teku da rana ido na ganin hanya. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu na rana, saboda haka mai sauka da asuba ya sanar da su tun da wuri, ko ya biya daren da ya gabata, don kada amarya ta yi gyangyaɗi a kujerar zaure har azahar. A tambaya kuma ko harajin kwana da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙo yana cikin kuɗin ɗakin, domin wurare da yawa daban suke karɓarsa ranar tafiya.

Agogo biyu da alƙibla

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin nan ne na fi ganin baƙi suna ruɗewa. Masu jin Sawahili, harshen mutanen tsibirin, ba sa ƙirga awoyi daga tsakar dare, daga fitowar rana suke farawa. Da yake tsibirin yana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida tana faɗuwa wajen shida da rabi kusan duk shekara, saboda haka ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya a wurinsu, ƙarfe goma sha biyu na rana kuma awa ta shida. Bambancin awa shida ne daidai. Ma'aikatan otal suna amfani da agogon da muka sani, amma direba ko mai kwale-kwale yana iya faɗin nasa. Ni kaina na yi alkawari da wani mai kwale-kwale a kan saa tatu, na ji daɗi cewa na gane tatu na nufin uku, na koma na shaida wa maiɗakina cewa sai ƙarfe uku na yamma za mu fita. Ƙarfe tara na safe sai ga ɗan aike yana ƙwanƙwasa ƙofa, wai mutumin yana bakin ruwa yana jira. Ta dube ni ta ce, “Malam, ashe Sawahilin naka bai nuna ba tukuna.” Tun daga ranar, duk alkawarin da zan yi sai na nuna lokacin a fuskar waya, mu duba tare.

Agogo na biyu shi ne na teku. Sau biyu a yini ruwa yana cikowa, sau biyu yana janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin kowace rana. A gabar gabas, wato Paje da Jambiani da Matemwe, janyewar tana da nisa ƙwarai, har ruwan yakan koma ɗaruruwan mitoci ya bar fili fetal, kwale-kwale suna kwance a kan rairayi kamar an yar da su. Wanda bai san da haka ba, idan ya iso a daidai wannan lokaci, sai ya ɗauka an yaudare shi da hotuna. Ba yaudara ba ce, bayan awa shida ruwan zai dawo har gindin katanga. A lokacin janyewar ne matan ƙauye suke shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, kuma tafiya a ƙafa zuwa wurinsu tana cikin abubuwan da suka fi daɗi a tsibirin, muddin an sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓoye tsakanin duwatsu. A nemi izini kafin a ɗauke su hoto, kuma a juyo da wuri, domin ruwan yana dawowa da sauri fiye da yadda ido yake zato. Masu son su shiga ruwa a kowane lokaci su zaɓi Nungwi ko Kendwa, inda janyewar ba ta da yawa. Kowane otal yana da jadawalin cikowa da janyewa, a karɓe shi tare da makullin ɗaki.

Sai alƙibla. Bahaushe ya tashi yana fuskantar gabas, har kalmar gabas ta zama ɗaya da alƙibla a bakinsa, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, saboda haka arewa ake fuskanta. A duba alamar da ke rufin ɗaki ko cikin aljihun tebur, idan babu a tambayi ma'aikaci, kada a bi fitowar rana. Galibin mutanen tsibirin mabiya mazhabar Shafi'i ne, akwai kuma masallatan mabiya mazhabar Ibadiyya tun zamanin sarakunan Oman, waɗanda ɗayansu, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsu daga Maskat zuwa nan a 1840. Game da ƙasaru, a mazhabar Malik wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya zai cika sallarsa, don haka ma'auratan da za su yi mako a otal ɗaya su san matsayinsu tun daren farko.

A ɗaki, da yammacin farko

Kafin a kwance kaya a duba gidan sauro ko yana da huda, a gwada fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe famfo, a tabbata akwatin ajiyar kuɗi yana kulluwa, sannan a saka fasfo a ciki. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a tsibirin amma bai ƙare ba. Ruwan gora za a sha. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, amma mai zuwa daga Nijar ko Chadi ko Kamaru zai buƙaci mahaɗi don cajarsa. Idan akwai abin da bai yi ba a ɗakin, a faɗa nan take cikin ladabi. Mutanen wurin suna da kalmar da suke yawan maimaitawa, pole pole, wato sannu sannu, kuma ɗaga murya ba ya sa su sauri.

Ya kamata in faɗi gaskiya a kan otal-otal na bakin teku: yawancinsu an gina su ne don Turawa, ana sayar da giya, ana kiɗa da dare, kuma baƙi suna yawo da kayan wanka. Ma'auratan da wannan zai dame su su tambaya tun kafin su biya, su nemi ƙaramin masauki wanda ba ya sayar da giya ko ɗaki mai keɓantaccen wurin wanka. A cikin gari da ƙauyuka kuwa al'amarin ya sha bamban, domin hukuma tana buƙatar baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa, kuma mace mai hijabi ba za ta ji ta fita daban ba ko kaɗan. Riƙe hannu ba laifi, amma abin da ya wuce haka a bar shi a ɗaki. Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, gidajen abinci da yawa a gari suna rufe da rana. Idan kuma ta faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin manyan ruwan sama ne, a zo da lema. Daga Yuni zuwa Oktoba ne aka fi samun rani mai sanyi-sanyi.

Kada a tsara komai a ranar farko, ko ziyarar gonakin kanumfari da kirfa da masoro, ko tsallakawa tsibirin Changuu wurin manyan kunkuru. A yi wanka, a rama barci na awa biyu, a tashi da la'asar. Da zarar an fito za a haɗu da 'yan kamasho masu tallan yawo da kaya, waɗanda mutanen gari suke kira papasi, wato kaska, saboda yadda suke manne wa baƙo. Ba a faɗa da su. A ce hapana, asante, ma'ana a'a, na gode, a ci gaba da tafiya, kuma kada a ce musu sai gobe, domin goben za su zo. Sallama tana buɗe ƙofofi a nan kamar a gida, dattijo kuma ana gaishe shi da shikamoo, ya amsa da marahaba. Kunnen Bahaushe zai tsinci kalmomi da yawa da ya sani, irin su habari da sabuni da alhamisi, saboda harsunan biyu sun sha daga Larabci.

Waɗanda suka sauka a Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, su taka a ƙafa ta cikin lunguna masu ƙofofin katako da aka sassaƙa, su fito lambun Forodhani a bakin ruwa kafin magariba, kusa da tsohuwar ganuwar Omanawa da kuma gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883. Bayan salla masu abinci suna kunna fitilu su jera tebura. A fara da abin da ciki ya sani, kamar tsiren nama da gurasa da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, ko kuma urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai. Kaguwa da jatan lande da pweza, wata halittar teku mai hannaye takwas, a bar su sai an kwana biyu, a ɗanɗana kaɗan tukuna, domin wanda ya girma nesa da teku bai san yadda jikinsa zai karɓe su ba. A zaɓi abin da aka gasa a gaban ido, a tambayi farashi kafin a ɗora a wuta. Idan masu lalle suka tare uwargida, ta zaɓi jan lalle na gargajiya, domin baƙin da ake haɗawa da sinadarin rini yana ƙona fatar wasu. Wajen ƙarfe tara a koma masauki, a saita agogon asuba da lokacin gari, a sauke gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin katifa.